Daga Murhun Tsakar Gida Zuwa Mabiya 100,000: Abin Da Masu Girki A Waya Ya Kamata Su Sani

Idan kana yawan leƙa Instagram ko TikTok ko Facebook, da wuya a yi mako ba ka ci karo da irin wannan sanarwa ba: wata mai koyar da girki ta ɗora hoton kek da aka rubuta 100K a samansa, a ƙasa ta jero godiya ga Allah da iyaye da masoya, ta rufe da alƙawarin rabon katin waya. Kafin magariba ɗaruruwan mutane sun yi mata "Allah Ya ƙara ɗaukaka". Washegari kowa ya wuce bidiyo na gaba.

Murnar tana kan hanya, domin tara mutum dubu ɗari a kan tukunya ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai akwai tambayoyin da ba a cika yi a ranar ba. Me adadin nan yake kawowa aljihu? Mabiyan nan na wane ne, na mai shafin ko na kamfanin da ya ba ta aron wuri? Wace irin godiya ce kuma ta dace da mutanen da suka ƙona datarsu suna kallo? Mun duba waɗannan tambayoyi da idon matashi ko matashiyar da ke zaune a gari irin Dandin Mahe, a ƙasar Shagari ta jihar Sakkwato, mai waya a hannu da murhu a tsakar gida.

Waɗanda suka fara daga murhun itace

Da yawa daga matasanmu suna ɗauka sai mai kicin na zamani, da tayil da kukar gas da tukwane masu ƙyalli, zai iya fara shirin girki. Wasu daga cikin manyan tashoshin girki na duniya sun ƙaryata wannan zato.

A shekarar 2018, wani dattijo mai suna Periyathambi, wanda ya daɗe yana dafa abincin biki, ya haɗu da jikokinsa suka buɗe tashar Village Cooking Channel a YouTube. Ƙauyensu yana gundumar Pudukkottai a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya. A fili suke girki, a bakin gona, da itace da manyan tukwane da dutsen niƙa, kuma da harshensu na Tamil suke magana. A watan Yulin 2021 suka kai mabiya miliyan 10, suka zama tashar farko ta harshen Tamil da ta kai wannan matsayi. Yadda suka yi godiya shi ya ƙara jawo musu farin jini: sun kai gudunmawar rupi miliyan 1 ga asusun yaƙi da cutar korona na gwamnatin jiharsu. Dama can abincin da suke dafawa a gaban kyamara gidajen tsofaffi da mabuƙata suke kai wa.

A ƙasar Meziko ma, wata dattijuwa mai suna Doña Ángela daga jihar Michoacán ta fara ɗora bidiyo a watan Agustan 2019, a tashar De Mi Rancho a Tu Cocina. Da wayar hannu 'ya'yanta suke ɗaukarta tana girki a murhun itace. Cikin 'yan watanni ta wuce mabiya miliyan ɗaya, a 2020 kuma mujallar Forbes ta Meziko ta sa ta cikin jerin mata 100 mafiya tasiri a ƙasar.

Abin da ya haɗa su shi ne sun nuna abin da suka iya, a inda suke, da harshen da suka tashi da shi. Babu wanda ya ari kicin ɗin wani.

Me ke cikin tukunyarmu?

A ƙasar Hausa, talabijin ce ta fara nuna cewa girkin gida yana da 'yan kallo. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da shirin Akushi Da Rufi, haka kuma Jamila Lawal ta yi suna da shirin Maggi Diaries. Da wayar Android ta yi araha, sai harkar ta sauko daga ɗakin shirye-shirye ta shigo hannun kowa. Yau akwai shafukan girki na Hausa barkatai, akasarinsu daga manyan birane irin Kano da Kaduna da Abuja.

Amma ka gwada wannan: buɗe YouTube ka rubuta "yadda ake kek" ko "yadda ake shawarma", ka ga yawan bidiyon da zai fito. Sannan ka rubuta "hoce" ko "daudawar batso". Za ka ga tazarar da kanka. Nan ne mutumin Dandin Mahe da Bodinga da Yabo da Shagari yake da abin da ɗan birni ba shi da shi.

Hocen dawa, miyar sure wadda Kanawa ke kira yakuwa, daudawar batso da ake yi da 'ya'yan suren, kwaɗon tafasa da na rama da ƙuli-ƙuli a damina, furar gero da aka daka a turmi, masar da ake toyawa a tandar ƙasa: duk waɗannan abinci ne da ake ci kullum a yankin, shi ya sa ba a ganin su a matsayin abin nunawa. Amma ga Basakkwacen da ke aiki a Legas ko Fatakwal, ko ɗalibar da ke karatu a Sudan ko Malesiya, ko jikan Hausawan zango a Kumasi, bidiyon minti biyar na yadda ake hoce tamkar wasiƙa ce daga gida. Ga kuma albasa, wadda Sakkwato ke cikin manyan jihohin da ke noma ta a Nijeriya. Wanda ya bi ta da kyamara tun daga fadama har rumbun ajiya har cikin tukunya, ya samu shirin makonni.

Akwai wani abin da ya fi neman suna muhimmanci. Iyayenmu mata ba da cokalin awo suke girki ba, da hannu da ido suke aunawa. Ka tambayi Inna kanwa nawa ake sa wa, amsar ita ce "daidai misali". Wannan ilimi ba ya rubutuwa cikin sauƙi, amma kyamara tana kama shi: yawan da ta ɗiba da yatsu, kaurin ƙullun, launin da take jira kafin ta sauke. Duk tsohuwar da ta rasu ba a ɗauki hannunta ba, ta tafi da wani abu.

Kayan aikin da ake buƙata

Wayar da ke hannunka ta isa a fara, in dai tana ɗaukar bidiyo a 1080p. Kada ka wahalar da kanka da 4K: yana cin wuri kusan ninki uku, yana sa waya zafi, kuma ɗora shi yana lashe data, alhali mafi yawan masu kallonka a ƙaramin allo za su gani. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowace megabayit ta zama abin lissafi, gare ka da kuma mai kallonka.

Haske kuwa kyauta ne. Hantsi da bayan la'asar, a inuwar rumfa ko ta bishiya, sun fi kowace fitilar kanti fito da launin abinci. Ka guji tsakar rana, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Waya a rana kusa da murhu takan yi zafi ta tsayar da ɗauka da kanta, kuma zafi yana rage wa batir kwana. Ka nisanta ta da wuta, ka riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, domin hayaƙi da tururin mai suna sa hoto ya yi hazo.

Idan da ɗan kuɗi, abu biyu suka fi cancanta a fara saya: sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma ba sa zama a kan muryar da iska da kukan awaki suka rufe. Fawa-bank ko ƙaramar sola ita ce ta uku, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Wajen tacewa, manhajojin CapCut da InShot suna aiki a ƙananan wayoyi. In sabis ba shi da ƙarfi a unguwarku, ka tace bidiyo uku ko huɗu ka ajiye, ranar da ka shiga inda yake da ƙarfi ka ɗora su gaba ɗaya, ka sa wa kowanne ranar da zai fito. YouTube da Facebook duk suna ba da wannan dama.

Sai maganar sirri. Ba dole ba ne a nuna fuska. Shafukan girki da yawa hannu da tukunya kawai suke nunawa, kuma suna tafiya lafiya. Ka nemi izinin duk wanda zai fito, tun daga kaka har ƙanne. Ka kashe alamar wuri a saitin kyamara, kada kuma ka nuna ƙofar gida ko hanyar zuwa gidan. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Me adadin ke kawowa?

A YouTube, mabiya 100,000 suna kawo allon yabo na azurfa, miliyan 1 na zinare, miliyan 10 na lu'ulu'u. Allon kyauta ne, na ratayewa a bango, babu ko kwabo a tare da shi.

Kuɗi ta wata ƙofa suke shigowa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts cikin kwana 90. Mu yi lissafi: awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti 4, kana buƙatar kallo 60,000. Idan minti 1 yake yi ya gudu, sai ka nemi 240,000. Ka ga ashe tsawon zaman mai kallo ya fi yawan sunayen da ke jere a shafinka tasiri.

Bayan an karɓe ka, kana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, da kashi 45 na rabon Shorts. Ana biya ta AdSense idan kuɗin sun kai dala 100, kuma sai mai shekara 18 zai buɗe asusun da sunansa. Farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake: kallo dubu daga Amurka ko Ingila ya fi kallo dubu daga Nijeriya ko Nijar kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa 'yan'uwanmu na ƙetare suke da muhimmanci, kuma shi ya sa yake da kyau ka rubuta sunan abincin da Hausa da Turanci a kan bidiyo don mai nema ya same shi.

Kamfanin Meta ya buɗe wa masu shafuka a Nijeriya da Ghana damar samun kuɗin talla a Facebook a shekarar 2024. TikTok kuwa ya fara shirinsa na biyan masu bidiyo ne a tsirarun ƙasashe irin Amurka da Ingila da Faransa da Jamus, don haka a nan an fi dogaro da kyaututtukan da ake turowa lokacin shirin kai-tsaye da kuma tallan 'yan kasuwa.

Ga mai girki a ƙasar Hausa, hanyar da ta fi kusa ita ce ciniki: odar abincin biki da suna, ajin koyon girki a WhatsApp, sayar da yaji da daudawa da garin kunu da kilishi, da tallata kayan masu shaguna. A nan mabiya 2,000 da ke cikin Sakkwato da kewaye, waɗanda za su iya aiko da kuɗi a kai musu kaya a mota, sun fi 100,000 da ba su san inda Shagari take ba. Don haka ka riƙa buɗe YouTube Studio ko sashen alƙaluma na Instagram kana duba abu uku: daga ina masu kallonka suke, minti nawa suke tsayawa, kuma nawa ne suke dawowa. Masu sayen mabiyan bogi kuwa kansu suke cuta, domin asusun bogi ba ya kallo, ba ya sayen yaji, kuma kamfanonin suna share irinsu lokaci zuwa lokaci.

Zanen aro ba ya rufe katara

Li Ziqi matashiya ce daga lardin Sichuan na ƙasar Sin, wadda ta yi suna da bidiyon noma da girki a ƙauye tare da kakarta. A farkon 2021 kundin Guinness ya tabbatar da cewa tasharta ce mafi yawan mabiya a YouTube cikin masu harshen Sinanci, da mutum miliyan 14.1. A watan Yulin wannan shekarar sai ta yi shiru. Rikici ne ya ɓarke tsakaninta da kamfanin da ke kula da kasuwancinta a kan wa ke da ikon sunanta da ribar da yake kawowa. An sasanta a ƙarshen 2022, amma ba ta dawo da sabon bidiyo ba sai Nuwamban 2024, bayan fiye da shekara uku.

Darasin ya shafi har mai mabiya 500. Wa ya buɗe miki shafin? Da imel ɗin wa, da lambar wayar wa? Sau da yawa wani yaya ko mai shagon caji ne ya taimaka ya buɗe da nasa. Ranar da shafin ya yi daraja, ko aka samu saɓani, shi ke da mabuɗi. Ki tabbata imel ɗin naki ne, layin kuma da sunanki da lambarki ta NIN aka yi masa rajista. Idan wani zai taya ki aiki, YouTube da Facebook suna da hanyar ba shi izini a matsayin mataimaki ba tare da ya san kalmar sirri ba.

Ko shafin naka ne, dandalin ba naka ba ne. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 kuma an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Saboda haka ka ajiye ainihin bidiyoyinka a memori ko filashi, ka riƙe lambobin amintattun masu sayenka a littafi da izininsu, kuma kada ka tsaya a dandali ɗaya.

Ranar murna, ranar farauta

Sanarwar "mun kai 100K" ba masoya kaɗai take kira ba. 'Yan damfara ma suna karantawa, kuma shafi mai mabiya da yawa kaya ne da ake sacewa a sayar.

Dabarunsu sanannu ne. Saƙo zai shigo da tambarin Meta ko YouTube yana taya ka murna, ya ce ka latsa linki don karɓar alamar tantancewa ko allon yabo. Wani zai ce an kai ƙarar shafinka, za a rufe shi cikin awa 24 in ba ka shiga ka kare kanka ba. Wani kuma zai zo a matsayin kamfani mai son ba ka talla, ya turo fayil ya ce yarjejeniya ce. Da irin wannan fayil aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a watan Maris na 2023, tashar fasaha mai mabiya sama da miliyan 15 da ma'aikata masana kwamfuta. A Maris na 2025 YouTube ya yi gargaɗi cewa ana yaɗa bidiyon bogi na shugabansa Neal Mohan, wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, don yaudarar masu tashoshi su ba da bayanan shigarsu.

Riga-kafin ba shi da tsada. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Google da Facebook da Instagram da TikTok, ka sa wa WhatsApp lambar sirri mai alƙaluma shida. Google yana ba da lambobin ajiya na ko-ta-kwana. Rubuta su a takarda ka adana. Duk sanarwar gaskiya game da tasharka za ka gan ta a cikin manhajar kanta, don haka in saƙo ya zo, rufe shi ka je can ka duba. Lambar da aka turo maka ta tes kuwa, ko wa ya tambaya, kada ka bayar.

Godiyar da ta dace

Yaba kyauta tukwici, kuma wanda ya ba ka lokacinsa da datarsa ya yi maka kyauta. Sai dai yadda ake rabon kyaututtuka a shafukanmu yana jefa mabiya cikin haɗari. Idan ka ce kowa ya ajiye lambar asusunsa ko ta wayarsa a fili, ka tara wa 'yan damfara jerin sunaye a ɓagas. Cikin awoyi za a buɗe shafin bogi mai sunanka da hotonka, a riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana cewa sun ci kyauta, su turo kuɗin aike ko lambar da banki ya turo musu. In za ka yi rabo, ka faɗa tun farko cewa ba za ka nemi kuɗi ko lambar sirri daga kowa ba, ka sanar da waɗanda suka ci a bidiyo da bakinka. Ka sani kuma, wanda katin waya ya kawo, ranar da kati ya ƙare zai tafi.

Akwai godiyar da ta fi wannan daɗewa. Ka tambayi mabiyanka abincin da suke so a koya musu, ka dafa shi. Ka rubuta awo da abin da kowa ke da shi a gida, gwangwanin madara da ludayi da kwano, don wanda datarsa ba ta kai ta kallo sau biyu ba. Idan ka yi kuskure a wani girki aka gyara maka, ka fito ka faɗa. Idan an biya ka ka tallata kaya, ka gaya wa mutane talla ce, kuma kada ka tallata maganin ƙiba ko na rage tumbi da ba shi da rajistar NAFDAC don kawai an ba ka kuɗi. Amanar da ka shekara uku kana tarawa tana iya rushewa a bidiyo ɗaya. Ka ambaci wadda ta koya maka girkin, da izininta, in kuma kuɗi sun fara shigowa a ba ta rabonta. Wanda ya samu hali ya yi irin na mutanen Pudukkottai, ya dafa babbar tukunya ranar murna ya kai wa almajirai ko marasa lafiya, ba tare da ya haska fuskokinsu ba.

Wanda bai fara ba kuma, kada alƙaluman wasu su tsorata shi. Village Cooking Channel ma da bidiyo ɗaya ta fara. A ƙarshen makon nan ka yi wa wayarka caji, ka goge kyamara, ka je ka durƙusa ka gaida kaka, ka roƙe ta ta bari ka ɗauki hannunta ranar da za ta yi hoce. Ko mutum goma ne suka kalla, gidanku ya samu abin da jikoki za su buɗe su gani nan da shekara talatin.